Turken da Baba Ya Ƙi Taɓawa

Surukina ya zo gidanmu da ƙafa a kumbure da fuska a murtuke. Manomi ne daga wani ƙauye can bayan Abaji, ya haura saba'in ko da yake shi bai yarda ba. Fartanya ce ta sare shi a ƙwauri, ya yi ta yi wa wurin magani da ganye da toka da man birki har ya zama gyambo, ya fara wari. Matata, 'yarsa ta fari, ita ta je ta ɗauko shi kusan da ƙarfi. A asibiti aka ce yana da ciwon suga. Aka ce ƙafar za ta warke idan ana wanke ta kullum ana yi masa allura har ramin ya cike. Idan kuwa ya koma gona da ita a haka, to a shirya yanke ta.

Ni direba ne, ina tuƙa wani oga a ma'aikata. Muna zaune a ɗaki biyu da falo a kan hanyar Karshi, yaranmu sun girma sun watse. Da yamma, in na ajiye mota, ina zuwa ajin manya koyon karatun boko da furfura a gemuna. Baba bai taɓa kiran sunana ba tun da na auri 'yarsa. Direba yake ce mini, ko a gaban baƙi.

Bai yi mako guda ba ya fara neman hanyar gudu. Ya ce ruwanmu ƙarfe yake ɗanɗano. Ya ce mutanen unguwa ba su iya gaisuwa ba, kana tambayar mutum iyalinsa ya riga ya hau acaɓa. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne bayin da ke cikin ɗaki.

"A nan ku ci, a nan ku kwana, a nan ku yi kashi," in ji shi. "Akuyata ma ya fi ku tsari."

Wata rana matata ta dawo daga kasuwa ta tarar da shi a bakin titi da jakarsa, yana ciniki da mai keke napep. Ta kwaso shi tana kuka yana zaginta da yarensu. Daga ranar muka ɓoye takalmansa, sai ya fara gwada nawa.

Ana cikin haka uwargidan oga ta share sito. 'Ya'yanta sun girma suna ƙasar waje, ta ce in kwashe tarkacensu in ƙone ko in ba wanda nake so. A ciki na tsinci wani ɗan akwati mai launin toka, da kaset da ake cusa masa ta sama, da rimot mai igiya. Irin gem ɗin nan na da ne, wanda ake haɗawa da talabijin. Sai an zare kaset an hura masa iska kafin ya yarda ya tashi, kamar murhun gawayi.

Wasa ɗaya ne a cikinsa. Wani gajeren mutum ne mai jan wando da ƙaton kai, yana gudu daga hagu zuwa dama. Akwai ramuka a hanya, akwai wasu kaguwa da ke yawo, in sun taɓa shi ya mutu, in ya dira a kansu su suka mutu. Rai uku ake ba shi. Duk sanda ya mutu sai a mayar da shi farkon hanya, in ran ya ƙare a sake sabon lale. A tsakiyar hanyar akwai wani farin turke da jan ƙyalle ɗaure a kansa. Bayan turken kogi ne mai faɗi, da gungumen itace suna yawo a kai, kana taka su suna nutsewa.

Matata ce ta fara iyawa. Tana sayar da magi da omo da ƙanƙara a ƙofar gida, tsakanin mai saye da mai saye sai ta shigo ta ɗan yi. Ita ta gano amfanin turken. In gajeren ya taɓa shi sai a ji ƙara kamar an buga cokali a jikin kofi, ƙyallen ya koma kore. Daga nan ko ya nutse a kogi ba za a mayar da shi farko ba, a gindin turken zai farka. Ta nuna mini wata rana Baba yana barci, na ce lalle wanda ya ƙera abin nan yana da tausayi.

Da farko Baba kallo kawai yake yi daga kan katifa, ƙafa a kan kujera 'yar tsugunno, yana sharhi.

"Wannan mutum ba shi da gona ne? Ina za shi da gudu haka? Bashi ya ci?"

Ba ya iya kallo da yawa, don in gajeren ya mutu sai ya yi tsaki ya juya wa bango fuska. Amma wata Asabar ya miƙo hannu ya ce a ba shi. Ya riƙe rimot kamar ya kama kaza. Ya danna, gajeren ya yi gaba, ya faɗa ramin farko. Aka dawo da shi, ya sake faɗawa. Aka dawo da shi, ya tsaya a bakin ramin ya yi dogon tunani, sannan ya faɗa a hankali. Matata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Baba, kawo. Wannan ba aikin tsofaffi ba ne."

Ya dube ta. Ya dube ni, ina ta faman haɗiye tawa dariyar.

"Na rantse da kabarin ubana," in ji shi, "ba na barin gidan nan sai na kai gajeren nan inda za shi."

Baba mutum ne da yake zuwa coci ranar Kirsimeti, ya ci naman Sallah a gidan kowa, kuma yana da wata tukunya a bayan rumbu da ba a tambayarsa labarinta. Ban san wanne ya fi riƙewa ba. Amma kabarin ubansa ba ya wasa da shi. A ranar, da kansa ya zazzage jakarsa, ya ce a fito masa da takalmansa, ba inda za shi.

Ya ɗauki kwanaki kafin ya iya tsallake ramuka. In gajeren zai yi tsalle, shi ma sai ya ɗaga jiki gaba ɗaya har da ƙafar mai ciwo, dole muka danne ta da filo. Ya koyi taka kaguwa, yana takawa yana cewa, "Uwarka." Ranar da ya fara isa wurin turken ina zaune ina cire safa. Sai na ga ya tsayar da gajeren cak. Ya matso da fuska kusa da gilashin. Ya ja da baya, ya taho da gudu, ya yi tsalle ya haye ta saman turken ko ƙyallen bai shafa ba.

Matata ta buɗe baki. Na taka mata ƙafa.

"Baba," na ce, "me ya sa ka tsallake?"

"Direba, kai baƙo ne a ƙasar nan. Duk inda ka ga farin turke da jan ƙyalle, masu awon fili sun wuce. Bayan masu awo kuma katafila. Kada ka taɓa. Kana taɓawa za su ce ka yarda."

Ya ba mu labari. Wurin da aka haife shi yanzu wani shataletale ne a cikin garin Abuja, ya ce in muna wucewa ta kan makwancin kakarsa muke juya sitiyari. Da irin turakun nan aka fara. A wurin da suka koma ma turakun suka biyo su. Ya taɓa tuge ɗaya ya ɗaure akuya da shi, don itacen mai kyau ne, ya wuni a caji ofis yana bayani, shi da akuyar.

Yana gama labarin gajeren ya nutse a kogi, aka mayar da shi farko. Baba ya gyara zama ya sake kama hanya.

Na ja matata zuwa kicin.

"Kada ki faɗa masa."

"Malam, ubana ne fa. Ka ga yadda yake wahala?"

"Ƙafar ma ta ubanki ce. In ya san aikin turken nan, kwana nawa zai yi bai haye kogin ba? Yana hayewa rantsuwa ta ƙare."

Ta ci gaba da juya miya. Can ta ce, "Ashe makarantar nan makirci ake koya muku."

Haka muka zauna. Da safe ta kai shi wankin ƙafa, su dawo, in akwai wuta ya hura kaset. Rabin farko na hanyar ya haddace shi har yana iya bi yana amsa gaisuwar maƙwabta ta taga. Amma kogin ya gagare shi, don kafin ya sake zuwa bakinsa ya manta gungumen da ya nutsar da shi. In ya kusa ganewa kuma sai a ɗauke wuta. Ya tsine wa masu wuta, ya tsine wa masu awo, ya ce ai dangin juna ne. Ramin da ke ƙwaurinsa kuwa yana ta cikowa da jan nama mai kyau, warin ya tafi.

In ran gajeren ya ƙare wani rubutu yakan fito. Turanci ne, ni kuma a lokacin haruffan kawai nake iya kira ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗan makaranta, me ya ce?"

"Ya ce sannu da ƙoƙari, Baba, a sake gwadawa."

"Jiya ka ce ya ce in sha magani."

"Na jiya daban ne."

"Ƙarya kake. Iri ɗaya ne, ina ganin mai kama da ƙwai ɗin nan a wurinsa."

Wahalar ba ta tsaya a kansa ba. In ya gaji ya miƙo mini rimot, dole ni ma in tsallake turken, yana tsaye a kaina da baki. "Direba, sama! Kana so su rubuta sunanka?" Sai in yi tsalle, in je in nutse, a mayar da ni farko, ina sane. Ni mutum ne da na saba jiran oga a mota tun hantsi har la'asar ban ce uffan ba, amma wannan ya gwada ni.

Akwai wani maƙwabcinmu Bakatsine, ma'aikacin gwamnati, da ya shigo duba Baba. Yana ganin abin ya washe baki, ya ce ai shi da wannan ya girma. Da ya ga Baba ya haye turken sai ya ɗaga hannu.

"A'a, Baba, ai wannan sandar ita ce..."

Na ce, "Yallaɓai, zo ka ga tayar motarka."

Na fitar da shi waje na yi masa bayani. Ya yi dariya har ya dafa bango. Kafin mako ya zagayo duk gidan hayar sun sani. Mata sukan leƙo ta taga daidai lokacin tsallen, su ce, "Yauwa Baba, kada ka taɓa musu!" Shi kuma ya gyaɗa kai, yana ganin a ƙarshe ya samu masu hankali a Abuja.

Garin taba ne ya tona mu. An hana shi a asibiti, amma yana da ɗan ƙoƙo a ƙarƙashin filo, muna yi kamar ba mu gani ba. Wata Asabar da hantsi ya shaƙa, ya ɗauki rimot, ya bi hanyarsa. Ya zo wurin turken, ya ja da baya, ya taho da gudu, daidai inda zai danna tsalle atishawa ta ƙwace masa. Gajeren ya tafi kai tsaye ya rungumi turken. Aka ji ƙarar cokali a jikin kofi. Ƙyallen ya koma kore.

Baba ya saki rimot a cinyarsa. "Shi ke nan," in ji shi. "Sun kama mu."

Ya jira. Ina jin katafila yake jira ta fito daga gefen talabijin. Ba abin da ya fito. Ya ɗauki rimot a sanyaye, ya taka gungume na farko, ya taka na biyu, ya nutse. Gilashin ya yi baƙi, ya dawo. Ga gajeren tsaye a gindin turken, kogi a gabansa.

Baba ya gyara riƙon rimot. Ya tura gajeren cikin ruwa da gangan, ya zuba ido. Gajeren ya sake farkawa a gindin turken. Sai Baba ya juyo a hankali.

"Direba. Ka san wannan?"

"Baba, ni karatuna bai kai nan ba."

Daga kicin aka ji ludayi ya faɗi, sannan aka ji wani sauti kamar ana shaƙe akuya. Matata ce take toshe baki da zani.

"Kai da shi," in ji Baba, yana nuna kicin da haɓa. "Da matan taga. Da Bakatsinen nan mai taya."

Ya ƙi cin abincin rana. Ya zauna a kan kogin nan, yanzu da yake yana farkawa a bakinsa, yana koyon gungumen ɗaya bayan ɗaya. In rai ya ƙare ya bi rabin farko kamar iska, ya bangaji turken da ƙirji, ya ci gaba. Na yi ta addu'a a ɗauke wuta. Ranar ce kaɗai a tarihin unguwarmu wuta ta wuni. Ana kiran la'asar gajeren ya dira a ɗaya gaɓar, ya shiga wata 'yar bukka, kiɗa ya tashi.

Sai wata sabuwar ƙasa ta buɗe, mai duwatsu da jemagu. Raina ya dawo.

"Baba, ashe da saura. Ka ga bai isa ba tukuna."

"Na ce zan kai shi inda za shi. Ya shiga gida, na gani da idona. In ya sake fitowa yawo, wannan iskancinsa ne." Ya ajiye rimot. "A kawo jakata. Doyata ya isa haƙa."

Matata ta roƙe shi da Hausa, ta roƙe shi da yare, ta kira ƙaninsa a waya ya roƙe shi. Ya ce gidan da aka haɗa baki da maƙwabta aka mayar da shi abin kallo, ba ya ƙara kwana biyu a cikinsa. Abin da muka samu kawai shi ne ya yarda a biya a wanke ƙafar da safe kafin a kai shi tasha.

Mai wanke masa ƙafa wata nas ce Bayarabiya, mai jiki, Hausarta ta Sabon Gari. Ita kaɗai ce a Abuja yake shakka. Ta kwance bandeji, ta duba, ta ce ma sha Allah. Ramin da a da tafin hannuna ba ya rufe shi ya dawo kamar murfin kwalba. Sai ta hango jakar a hannuna.

"Wannan fa? Ina za a je?"

Baba ya gyara murya. "Likita, ina da tambaya. A nan wurinku akwai turke?"

"Wane irin turke, Baba?"

"A gidan direban nan akwai wani gajere a talabijin. In ya kai rabi ya taɓa turke, ko ya mutu daga nan ake tashinsa. To ni na wuce rabi, ke ma kin gani. Ki sa mini alama a nan. In je in haƙe doya in dawo, ku ci gaba daga inda kuka tsaya."

Ta dube ni. Na dubi silin.

"Baba, in ka shiga gona da wannan ƙafar, ka dawo, in ka yi sa'a daga farko za mu fara."

"In ban yi sa'a ba fa?"

"Daga gwiwa."

Ta ci gaba da goga masa auduga. Can ya ce, a ƙasa-ƙasa, "Gajeren rai uku ake ba shi."

"Kai ƙafa biyu aka ba ka, ka riga ka yi wasa da ɗaya. Ɗaga nan in naɗe."

Muka fito bakin titi. Na tsayar da keke, mai keken ya ce ina za mu. Baba ya tsaya yana kallon bandejin, fari fes, da yatsunsa da suka leƙo ta ƙasa. Ya motsa su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce asibitin nan duk girmansa bai kai akwatin yara tsari ba. Sannan ya yi wa 'yarsa doguwar magana da yare, bai ko kalle ni ba, ya shiga keken ya zauna a tsakiya.

"Me ya ce?"

"Ya ce gida za mu. Zai zauna har a sallame shi."

"Alhamdu lillahi."

"Tsaya, bai gama ba. Ya ce tunda kai ka san amfanin ƙafarsa fiye da shi, kai kuma naka biyun lafiya lau suke, ranar Juma'a in ka ajiye mota ka wuce ƙauye. Doya ba ta jira."

Ni ɗan birni ne, rabona da fartanya tun ina yaro. Na je. Na koma makon da ya biyo baya, da na bayansa. Ƙaninsa yana zaune a inuwa yana nuna mini kunyar doya da sanda, yara suna taruwa kallon direban Abuja yana sara doya gida biyu. Hannuwana suka yi ruwa suka fashe, a aji na kasa riƙe fensir, malamarmu ta tambaye ni ko faɗa na yi. In na dawo ran Lahadi in tarar da Baba ya miƙe ƙafa a falo, an yanka masa kaza, yana can wata ƙasa mai ƙanƙara, duk turken da ya gani sai ya bangaje shi. Ya kafa doka cewa ban da ni a taɓa rimot.

Da gyambon ya rufe aka sallame shi, ya taka zuwa mota da ƙafafunsa biyu. Ya yi sallama da matan taga, ya yi sallama da Bakatsine, ni ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Bayan ya isa ya duba rumbu sai ya aiko 'yarsa ta faɗa mini cewa rabin doyar na sassare ta, ba mai saye, kuma baɗi ma ni zan zo.